Koyon Aikin Famfo Bayan An Girma

Edita ya ce in rubuta wa shafin Hausa na mujallarmu wani abu game da sana'ar da na ke yi, domin ɗalibai da dama, har da waɗansu malamai, sun sha tambayata yadda aka yi malamin makaranta ya koma mai gyaran famfo. Waɗansu don mamaki su ke tambaya, waɗansu don tausayi. Amma akwai kaɗan da na lura da gaske su ke yi, gama suna da wa ko kawu a gida wanda aiki ya ƙare masa, ko albashi ya kasa riƙe shi, yana neman abin da zai kama. Saboda waɗannan na ƙarshe na ɗauki alƙalami. Shekara 14 na yi ina koyarwa a firamare, na bari ina da shekara 37, na shiga koyon aiki wurin wani maigida Bayarabe, na yi shekara 3 a hannunsa. Iyakar abin da ya kamata a sani game da ni ke nan, sauran magana ta aikin ce.

Abin da na ke so in nuna muku shi ne, aikin famfo ba aikin ƙarfi ba ne kamar yadda galibin mutane su ke zato. Aikin lissafi ne da sanin halin ruwa. Saboda haka babban mutum wanda ya yi karatu yana da rabin sana'ar a kansa tun bai taɓa sifana ba. Rabin da ya rage kuwa yana hannu, kuma ba ya samuwa sai mutum ya yarda ya koma yaro. Wanda ya kasa ɗayan biyun nan, gara ya nemi wata hanya tun da wuri.

Bari mu fara da sunan. Kalmar fulamba da muka ara wurin Turawa, su ma aro suka yi daga Latin, harshen mutanen Rum na zamanin da, inda a ke kiran dalma plumbum, domin da dalma su ke ƙera bututun ruwansu. 'Yan ajin kimiyya sun san alamar dalma ita ce Pb, to, ga asalinta. Yanzu an tabbata dalma guba ce, musamman ga ƙananan yara. Amurka ta hana sa ta cikin sabon aikin ruwan sha tun 1986, mu kuma a nan mun ga aikinta a Zamfara a 2010, sa'ad da ƙurar dutsen zinariya mai dalma ta kashe yara fiye da 400. Sunan ya zauna, dalmar ta tafi.

A ƙasarmu ruwan famfo ya fara ne a matsayin aikin Gwamnati. An buɗe gidan ruwa na Iju, wanda ke ba Ikko ruwa, a 1915, zamanin Gwamna Lugga, madatsar Eleyele ta Ibadan kuma aka gama ta a 1942. A tsarin nan injiniyoyi ne ke tace ruwa, su sa masa magani, su turo shi cikin gari, aikin mai famfo kawai ya jawo shi daga bakin titi zuwa cikin gida. Amma garuruwa sun yi girma sun bar bututun Gwamnati a baya. Yau duk wanda ya sami hali ya gina gida, sai ya haƙa rijiyar burtsatse, ya zura injin nan da a ke ce wa sumo, ya ɗora tanki bisa hasumiyar ƙarfe, ya haƙa sokawe a bayan gida. Watau kowane gida ya zama ɗan ƙaramin gidan ruwa, ba shi kuwa da wani injiniya sai mai gyaran famfo. Wannan shi ya sa aikin ya yi yawa, shi ya sa kuma nauyinsa ya ƙaru, domin lafiyar mutanen gidan duka tana hannun mutum ɗaya.

Mu Hausawa mazauna kudu ba baƙin sha'anin ruwa ba ne. An san mutanenmu da haƙar rijiya da yasarta, da tura kura cike da jarkoki, har kalmar mai ruwa ta shiga bakin mutanen Ikko waɗanda ba su jin ko sannu da Hausa. Amma ka zaga Sabo ko Agege ka ƙidaya namu da suka iya haɗa bututun gida tun daga tanki har sokawe, za ka ga ba su da yawa. Alhali kuwa akwai gidajen da maigida zai fi sakin jiki ya shigar da wanda ya sani har cikin gida inda iyalinsa su ke, wanda kuma ba sai an tsaya yi masa bayanin wurin alwala ba, ko dalilin da ya sa ba a so a kafa masai yana fuskantar alƙibla ko yana ba ta baya.

To, yanzu ga rabin da na ce mai karatu ya riga ya mallaka.

Abu na fari, ruwa yana da nauyi, kuma nauyinsa da sauƙin riƙewa: lita 1 kilo 1 ce. Baƙin tankin roba mai cin lita 2,000 mutum biyu za su mirgina shi in ba kome ciki, amma da ya cika ya zama tan 2, ya fi ƙaramar mota nauyi. Mai gida ya kan ce a ɗora masa biyu bisa rufin ɗakin girki don ya huta da kuɗin hasumiya. Yaron da bai iya lissafi ba sai ya ce to. Wanda ya iya kuwa zai tsaya ya tambaya ko an gina rufin nan don ya ɗauki tan 4.

Na biyu shi ne ƙarfin da ruwa ke fita da shi a bakin famfo. Nan ne mutane suka fi ruɗewa, har da masu digiri. Mutum zai ce ruwan wankansa ba ƙarfi, a sayo masa babban tanki. Girman tanki ba ya ƙara wa ruwa ƙarfi ko kaɗan, tsayi ne ke ƙarawa. Kowace mita 10 da saman ruwa ya ɗara bakin famfo tana ba da dannin kilo 1 bisa kowane murabba'in santimita, ko tankin kogi ne ko tulu. A ce saman ruwan tanki yana mita 6 daga ƙasa. Famfon tsakar gida da ke mita 1 yana da tsayin mita 5 a kansa, sai ka ga yana feshi. Amma abin wanka na bene wanda ke mita 5 daga ƙasa, mita 1 kaɗai gare shi, don haka ya ke zubowa kamar hawaye. Maganinsa a ɗaga tanki, ko a sa ƙaramin inji mai turawa. Faɗin bututu kuma yana da nasa hukunci. In ka ninka faɗin bakin bututu sau 2, filin da ruwa zai bi ya ninku sau 4, kamar yadda duk wanda ya koyar da lissafin da'ira ya sani. Saboda haka bututu mai inci 1 ba biyun mai rabin inci ba ne, huɗunsa ne. Shi ya sa a ke sauko da ruwa daga tanki da babban bututu, sa'an nan a rarraba shi cikin ɗakuna da ƙanana.

Na uku ya fi ba ni sha'awa, domin na koyar da shi a aji shekara da shekaru ban san zan ci abinci da shi ba. Injin da ke zaune a bakin rijiya ba jan ruwa ya ke yi ba. Iska ya ke kwashewa daga cikin bututu, sai nauyin iskar duniya da ke danne da ruwan rijiya ya turo ruwan sama. Nauyin iskar nan kuwa yana da iyaka: a bakin teku ba ya iya ɗaga ruwa fiye da mita 10 da 'yan kai. Wani Ba'italiye, Toricelli, shi ya bayyana haka a 1643, da ya gwada da zaiba ya ga ta tsaya a wajen santimita 76. A wurin aiki ma ba a samun mita 10 ɗin, da ruwa ya yi nisan mita 7 ko 8 sai inji ya yi ta kuka a banza, a tudu irin na Jos kuwa abin ya fi haka raguwa, gama iskar can ba ta kai ta Ikko nauyi ba. Da rani, in ruwan rijiya ya ja baya, sai ka ga mutum ya sayo inji mai ƙarfin doki biyu maimakon mai ɗaya, yana tsammani zai jawo. Ko mai doki goma ne ba zai jawo ba. Sai dai a zura sumo cikin ruwan, domin shi daga ƙasa ya ke turowa, turi kuwa ba shi da wannan iyaka.

Wannan duk zancen ruwa mai shigowa ne. Ruwa mai fita, watau na wanka da wanki da na masai, shi ne inda a ke gane gwani, gama ba inji ke tura shi ba, gangara kaɗai ke tafiyar da shi. Ƙa'idar da aka daɗe ana bi ita ce bututu mai inci 4 ya sauka 1 cikin 40, watau santimita 2 da rabi cikin kowace mita. In tsakanin banɗaki da rami mita 12 ce, sai bakin ƙarshe ya kasance ƙasa da na fari da santimita 30. In gangarar ta kasa, ruwa ya kan tafi a hankali, ƙazanta ta kwanta, bayan 'yan watanni bututu ya toshe. Ido ba ya iya ganin santimita 2 da rabi cikin mita, sai da igiya da ma'aunin lebur, mai ɗigon iskar nan a tsakiya. Kuma tilas a yi lissafin nan tun kafin magina su zuba daɓe, domin bayan an shimfiɗa tayil ba sauran gyara sai fasawa.

Ku leƙa ƙarƙashin kwanon wanke hannu na ɗakin kwananku, za ku ga bututun ya lanƙwashe ya yi ciki kafin ya wuce. Ba ado ba ne. Cikin lanƙwasar nan ruwa ya kan tsaya kullum, zurfin santimita 5 zuwa 7 da rabi, shi ne ƙofar da ke hana iskar rami mai wari dawowa cikin ɗaki. Ruwan da ku ke gani kwance a gindin masai na zamani shi ma aikinsa ke nan. Wanda ya yi rajistar dabarar nan a London a 1775, Alexander Cumming, ba mai aikin famfo ba ne tun asali, maƙerin agogo ne, ga shi kuwa har yau duniya tana amfani da abin da ya shigo da shi daga wata sana'a. Kowace shekara in an dawo daga dogon hutu ɗalibai su kan kawo ƙara cewa ɗakunan wanka suna wari, lalle rami ya cika. Galibi ramin lafiya lau ya ke. Ruwan lanƙwasar ne ya bushe don an yi makonni ba a zuba kome ba. Bokiti guda a kowace magudana ya isa. Dogon bututun nan kuma da ku ke gani ya bi bango ya wuce rufi, bakinsa a buɗe, kada wani ya toshe shi don tsoron ruwan sama. Shi ke fitar da iskar rami, shi ke kuma hana ruwa mai gangarowa da ƙarfi ya tsotse ruwan lanƙwasa ya tafi da shi.

Yanzu mun zo inda rai ya ke. Dukan sana'ar nan an kafa ta ne bisa abu guda, kada ruwa mai fita ya sadu da ruwa mai shigowa. A 1854 kwalara ta ɓarke a wata unguwa ta London ta kashe mutum fiye da 600. Wani likita, John Snow, ya bi gida gida yana rubuta inda aka mutu, ya ga mamatan galibi daga famfon rijiya guda su ke sha, a titin Broad. Ya sa hukuma ta cire hannun famfon. Daga baya aka tarar wani tsohon ramin ƙazanta ne dab da rijiyar ke yoyo cikinta. Ba labarin da ba ne kawai, gama a 2021 kwalara ta kashe mutum fiye da 3,000 a Nijeriya. Ƙa'idar da ma'aikatan lafiya su ke bayarwa ita ce a bar kamar mita 30 tsakanin rijiya da masai ko sokawe, kuma ramin ya kasance ta gangare, rijiya ta tudu. Amma filin gida a birni sau da yawa ƙafa 50 ne da ƙafa 100, tsawonsa duka bai fi mita 30 ɗin ba, ga maƙwabci kuma da nasa ramin a jikin katanga. Nan fa mai famfo zai zauna da mai gida ya gaya masa gaskiya, ko da ba ta yi masa daɗi ba, a nemi kusurwa mafi nisa, a yi wa bakin rijiya kankare sosai, a kai ruwan a gwada kafin a fara sha.

Akwai wata hanyar kuma da ba kowa ya san ta ba. In an ɗauke ruwa, bututu ya kan zama fanko, ruwan da ke gangarewa ya bar tsotso a bayansa. To, in bututun nan ya ratsa ta cikin lambatu, kamar yadda mu ke gani a unguwanni da yawa, kuma yana da 'yar huda, sai ya sha ruwan lambatu. Ran da aka kawo ruwa, abin da ya sha shi zai fara isa tukunyar mutane. Haka kuma tiyo da aka bari kansa nutse cikin bahon wanki, yana iya mai da ruwan bahon cikin bututu. Don haka a ke kafa bakin famfo sama da leɓen kwano, a bar iska tsakani. Mai karatu da an faɗa masa wannan sau ɗaya ya gane dalili, ba kuwa zai yarda ya gajarce hanya ta cikin kwata don ya rage tsawon bututu biyu ba.

Wannan shi ne rabi mai sauƙi. Ga mai wuyar.

Ran da ka shiga shagon maigida, shekarunka da takardunka suna tsayawa a bakin ƙofa. A nan kudu girma a wurin koyon sana'a ba da haihuwa ya ke ba, da ranar shigowa ya ke. Wanda na tarar shi ne babban yaron shago bai wuce shekara 19 ba, sa'an waɗanda na koyar, shi ke kuwa cewa in ɗauko tsani, in haƙa rami, in share shago. Maigidan kansa na girme shi. Ran fari ya ce mini, "Malam, zan riƙa ce maka Malam don girman Allah da na furfurarka, amma jakar kayan aiki kai za ka ɗauka, don kai ne ƙarami." Na ce, "Na ji, Oga." Ba wulakanci ba ne, hanyar koyarwarsu ke nan, kuma tana da hikima. Mai ɗaukar jaka shi ke miƙa kaya, mai miƙa kaya kuwa cikin wata biyu ya san sunan kowane ƙarfe da lokacin da a ke bukatarsa. Na ga manya biyu da suka zo bayana suka tafi, ba don aikin ya fi ƙarfinsu ba, sai don ba su iya jure yaro ya aike su ba. Wuyar ma ba a shago ta ke ba, a titi ta ke, ran da uban wani tsohon ɗalibinka ya gan ka cikin rami, laka har gwiwa, ya kau da kai don kada ya ba ka kunya.

Hannu kuma ba ya karanta littafi. Na san dalilin kowane abu tun kafin yaran shago su sani, amma su suka riga ni iya yanka bututu ya fita daidai ba karkace. Kowane irin bututu da halinsa. Na ƙarfe, wanda a ke yanka wa zare a baki, yana da ƙarfi amma yana tsatsa ta ciki har hanyar ta tsuke, shi ya sa aka rage amfani da shi. Na roba da a ke kira PVC da gam a ke haɗa shi, gam ɗin kuwa ba manne shi ya ke yi ba, narkar da fatar robar ya ke yi su zama ɗaya, don haka in ka tura ka ɗan murɗa, ba sauran komowa. Ba a sa shi a ruwan zafi. Wanda a ke kira PPR da wuta a ke haɗa shi, ƙarfen yana kai zafin digiri 260, in ka daɗe daƙiƙa kaɗan robar ta narke ta toshe cikin bututun, ba kuwa za ka gani ba sai an saki ruwa. Farin zaren da a ke naɗawa a bakin famfo yana da ɓangaren da a ke bi, in ka juya shi baya sai ya warware sa'ad da ka ke ɗaurawa. Ɗaurin kansa, yaushe ya isa, yaushe ya wuce har zai fasa, wannan a wuyan hannu ya ke, ba mai iya rubuta maka shi. Sai ka yi sau ɗari.

Abu biyu ne maigidana bai taɓa yin wasa da su ba, ni ma ba na yi. Ba a shiga ramin masai, ba a ko zura kai ciki, domin iskar da ke ciki tana iya kayar da ƙato kafin ya yi ihu, wanda ya shiga ceto shi ma ya bi shi. Tukunyar dafa ruwan wanka ta lantarki kuma ba a toshe ɗan bawul ɗinta don yana ɗiga. Ruwa yana kumbura in ya yi zafi, in ya zama tururi kuwa ya kan nemi wuri fiye da ninki 1,600 na inda ya ke. Ɗigon nan shi ne numfashinta.

Sai maganar aljihu, wadda ita ce ta fi kayar da magidanci. Saurayi ɗan koyo yana ci a gidan ubansa, kai kuwa a gidanka a ke ci. Ɗan koyo ba shi da albashi. Shi ne ma zai biya kuɗin shiga, a rubuta yarjejeniya, ya kawo wanda zai tsaya masa, abin da zai samu sai ɗan kuɗin abinci ran da aka fita aiki, har zuwa ranar da za a yi masa bikin sallama, wanda a ke kira firidom. Shawarata ita ce kada kowa ya ajiye aikinsa ran da ransa ya ɓaci. Ya fara zaunawa da uwargida su yi lissafin haya da kuɗin makarantar yara da na abinci na shekara guda a ƙalla, gama ita za ta ɗauki rabin wahalar, ya kamata ta san da ita tun farko. Sa'an nan ya gwada kansa. Malami yana da abin da sauran ma'aikata ba su da shi, watau dogon hutu da ranakun Asabar. Ya bi wani mai famfo hutu guda cur, ya ga ko gwiwarsa da bayansa za su ɗauki tsuguno da hawan tsani, ya ga kuma ko cikinsa zai ɗauki buɗe bututun da ya toshe. Amma ma'aikacin Gwamnati ya tuna tsarin mulki na 1999 ya hana shi gudanar da kasuwancin kansa yana bakin aiki, in ba noma ba, don haka koyo dabam, buɗe shago dabam. Wanda ke cikin tsarin fansho na adashi kuma, dokar 2014 ta yarda in ya bar aiki bai kai shekara 50 ba, ya yi wata 4 bai sami wani ba, ya karɓi har kashi 25 cikin 100 na abin da ya tara. Ni dai ina ganin gara a sa kuɗin nan cikin kayan aiki da a cinye su.

Takarda ma tana da amfani, ko da ya ke matar gida da ruwa ya cika wa ɗaki ba ta tambayarta. Kamfanonin gini da ma'aikatu su kan tambaya. Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya tana yin jarrabawar gwajin sana'a mai daraja uku, a fara da ta 3, sai ta 2, sai ta 1. Hukumar NABTEB, wadda aka kafa a 1992, hedkwatarta a Benin, tana da jarrabawar da waɗanda ba 'yan makaranta ba su ke shiga. Hukumar NDE, ta 1986, ta kan haɗa masu neman sana'a da masu koyarwa, ITF kuma, ta 1971, mai hedkwata a Jos, tana horar da masu aikin hannu. Ga wanda ya saba shirya wa yara jarrabawa, ɓangaren rubutu ba zai hana shi barci ba.

Bayan sallama ne shekarun da mutum ya yi a aji su ke fara biyansa. Ya iya karanta zanen gini. Ya iya rubuta ƙiyasin kaya dalla dalla, kuɗin kaya dabam, ladan aiki dabam, ya kawo rasit. Ya iya yi wa mai gida bayani har ya gane, gama wanda ya fahimtar da yara 60 rabon kashi ba zai kasa fahimtar da Alhaji ɗaya dalilin ɗaga tanki ba. Furfurar da ta zama abin kunya a shago kuma sai ta zama jari, domin mutane sun fi yarda su bar dattijo cikin ɗakin kwanansu. Yardar nan kuwa ita ce kasuwar duka, saboda aikinmu ɓoyayye ne. Tela in ya yi ha'inci a kan gani ran salla, namu kuwa yana cikin bango, sai bayan shekara fenti ya fara kumbura. Don haka na kan cika bututu da ruwa in toshe bakunansa ya kwana, in kira mai gida ya gani da idonsa ba inda ke tsattsafo, in ɗauki hoton bangon da waya don a san inda kowane bututu ya bi, kana in ce wa magina su shafe.

Ba kira na ke ku bar koyarwa ba, ku da ko fara ta ba ku yi ba, yaran ƙasar nan kuwa suna jiranku. Amma lissafin nan duka kuna iya kai shi aji. Ga misali, famfon da ke ɗiga sau ɗaya kowace daƙiƙa yana ɗiga sau 86,400 a yini da kwana. In ɗigo 4,000 ke cika lita, ya zubar da lita 21 da 'yan kai, kusan jarka guda ke nan kullum, abin da ke kawo shi kuwa 'yar roba ce da ba ta kai kuɗin burodi ba.

Ga wani kuma ku gwada da kanku. Ɗakin kwana yana da ɗalibai 120, kowane yana amfani da lita 40 a rana. Ana so a ajiye ruwan kwana 2 saboda rashin wuta. Tanki nawa mai cin lita 2,000 za a saya, kuma tan nawa hasumiya za ta ɗauka in duk sun cika, ban da nauyin tankunan kansu? Daga ɗakin wankan zuwa rami mita 18 ce, bututun mai inci 4 ne, da santimita nawa bakin ƙarshe zai kasance ƙasa da na fari? A kai amsa ofishin Edita kafin fitowa ta gaba. Mutum uku da suka fara kawo ta daidai su same ni bayan ɗakin cin abinci ran Asabar da hantsi, in nuna musu yadda a ke canja robar famfo. Kowa ya zo da tsohuwar riga.